Ƙa'idojin kariya daga haɗarin sinadarai a ɗakunan binciken jami'o'i

Ɗakin gwaje-gwaje na jami'a wuri ne da ake tara sinadarai masu kamawa da wuta, masu guba da masu cin fata, alhali da yawan masu sarrafa su ɗalibai ne da ke koyon aiki. Shi ya sa ƙasashe da dama suka daina barin maganar kariya ga taka-tsantsan ɗin ɗalibi kaɗai, suka mayar da ita rubutacciyar ƙa'ida da nauyinta ke wuyan jami'a da malamin da ke jagorantar bincike.

Tushen ƙa'idojin

A shekarar 1990 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da ƙa'ida ta musamman ga ɗakunan gwaje-gwaje. Ta wajabta a tanadi rubutaccen tsarin aiki da sinadarai, a naɗa jami'in da zai sa ido a kansa, a kuma horar da ma'aikaci kafin ya soma aiki. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa tsarin bai-ɗaya na rarraba sinadarai da yi musu laƙabi, GHS. Tsarin yana da alamomin haɗari 9, kuma kowane sinadari mai haɗari na zuwa da takardar bayanan kariya mai sassa 16, wadda ke bayyana illarsa, yadda ake adana shi da taimakon gaggawa.

Haɗurran da suka sa aka tsaurara

A watan Agustan 1996, 'yan ɗigon wani nau'in zaiba mai tsananin guba suka zubo wa Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth a Amurka kan safar hannunta ta roba. Gubar ta ratsa robar cikin daƙiƙoƙi, ta kuma yi ajalinta a watan Yunin 1997. Wannan ya nuna cewa ba kowace safa ce ke tare kowane sinadari ba.

A watan Disamban 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, wani sinadari da ke kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska ya zubo wa wata mai taimaka wa bincike 'yar shekara 23, wadda ba ta sanye da rigar kariya. Ta rasu bayan kwana 18, aka kuma gurfanar da farfesan da ke shugabantar ɗakin a gaban kotu.

A watan Janairun 2010, wani ɗalibi a Jami'ar Texas Tech ya rasa yatsu uku bayan ya haɗa kimanin giram 10 na wani abin fashewa, alhali iyakar da aka sa ita ce miligiram 100. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa iyakar ba a rubuce take ba.

Abubuwan da ake buƙata

Na farko shi ne tantance haɗari a rubuce kafin kowane gwaji, a kuma sake tantancewa duk lokacin da za a ƙara yawan sinadarin. Ana fara duba yiwuwar musanya abu mai haɗari da mai sauƙinsa, sannan na'urori irin su akwatin zuƙe hayaƙi. Rigar kariya, tabarau, safar hannu da rufaffen takalmi su ne katanga ta ƙarshe.

Ana adana sinadarai bisa jinsin haɗarinsu, ba bisa jerin haruffa ba. Asid ba ya zama kusa da sayanaid, domin haɗuwarsu na fitar da iska mai kisa. Tukwanen gas ana ɗaure su a tsaye. Wajen tsarma asid, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwan cikinsa ba.

Famfon wanke ido da na wankan gaggawa su kasance inda za a isa cikin daƙiƙa 10, kuma a wanke wurin da sinadari ya taɓa na aƙalla minti 15. An hana ci da sha a ɗakin, da zuƙo ruwan gwaji da baki, da yin aiki mai haɗari mutum shi kaɗai.

A Nijeriya

Hukumar NAFDAC ce ke ba da izinin shigo da sinadarai, NESREA da aka kafa a 2007 na aiwatar da dokokin muhalli, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa kuma na duba ɗakunan gwaje-gwaje yayin tantance kwasa-kwasai. Dokar shara mai cutarwa ta 1988, wadda ta biyo bayan jibge gubar da aka kawo daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu, ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai zubar da irin wannan shara ba bisa ƙa'ida ba. Don haka sauran sinadaran gwaji ba a tuttule su a magudanar ruwa. Ana tara su a mazubi mai laƙabi.

Yawan ɗaukewar wutar lantarki da ƙarancin ruwan famfo su ma abin lura ne. Akwatin zuƙe hayaƙi ba ya kare kowa idan babu wuta, famfon wanke ido kuma ba shi da amfani idan tanki ya bushe. A irin wannan hali, a rufe kwalabe, a dakatar da gwajin har sai an gyara.