Kafin ka kama haya a Abuja, ka san yadda aka yanka garin

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, tambayar da yake turo min ɗaya ce: wace unguwa ce ke da tsaro, haya ba tsada, ga makaranta mai kyau a kusa? Amsata kan ba mutane haushi, don nakan ce a zaɓi biyu cikin ukun. Tsarin da aka gina garin a kai ne ya raba su, kuma wanda ya san tarihin zai fi gane abin da dillali bai faɗa masa ba.

A 1975 Janar Murtala ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda don nemo inda za a mayar da babban birni daga Legas. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka fitar da Doka ta 6 da ta kafa yankin, kwana goma bayan haka aka kashe Murtala, Allah ya jiƙansa. An yanko ƙasar daga jihohin Neja, Filato da Kwara na lokacin. Hatta sunan ma aro ne: garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa shi ne Abuja ta asali, aka karɓi sunan, garin ya koma Suleja.

Wasu kamfanonin Amurka suka zana taswirar birnin, suka miƙa a 1979. A takarda abin gwanin sha'awa ne. Kowace ƙaramar unguwa da firamarenta da asibitinta da 'yar kasuwarta, yaro ya taka da ƙafa ya je aji. Aka ce za a gina mataki-mataki, na farko ya ƙunshi Garki, Wuse, Maitama da Asokoro. To amma birkila da direba da mai shara da za su riƙe garin, ina za su kwana? Nyanya dai sansanin lebura ce tun farko. Kubwa kuma wurin sake tsugunar da Gbagyi ne da aka tasa daga ƙauyukansu, daga baya aka cika ta da gidajen ƙananan ma'aikata. Da farko niyyar gwamnati ita ce ta kwashe duk 'yan asalin yankin, da ta ga kuɗin diyyar ya fi ƙarfinta sai ta janye. Shi ya sa har yau za ka ga tsohon ƙauye a tsakiyar Garki ko Jabi ko Mabushi, ɗaki da arha, katanga ɗaya tsakaninsa da gidan miliyoyi.

Ranar 12 ga Disamban 1991 Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu suka biyo shi kafin a gama shirya musu wurin zama. Jama'a suka malala gefe: Karu, Mararaba, Masaka ta gabas, Dei-Dei, Zuba, Madalla da Suleja ta hanyar Kaduna, Lugbe ta hanyar filin jirgi. Sai zamanin Obasanjo, aka daina ba ma'aikaci gida aka koma ba shi kuɗi, aka sayar da gidajen gwamnati. A lokacin ne kuma, daga 2003 zuwa 2007, Nasiru El-Rufa'i na minista ya sa katafila a gaba, aka rushe wurare irin su Idu-Karmo da sunan dawo da taswira. Kowa na da ra'ayinsa kan rusau ɗin nan. Abin da ba a musu a kai shi ne dubban iyalai sun ƙara nisa da wurin aikinsu, da yawansu kuma da takardar fili a hannu, wadda mai unguwa ko ƙaramar hukuma ta ba su. A dokar Abuja ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, minista ke rabawa. In saye za ka yi, ka kai takardar ofishin AGIS a duba kafin ka biya ko sisi.

Maganar makaranta ita ta fi damuna, don nan ne ake yaudarar baƙo. A Amurka adireshin gidanka ne ke zaɓa wa ɗanka makarantar gwamnati, shi ya sa suke sayen gida saboda makaranta. Mu ba haka ba ne. Kwalejojin tarayya na Kwali, Bwari da Abaji da jarrabawa ake shiga, ko da katangarka na jingine da tasu. Firamaren gwamnati kuwa albashin malamansu a hannun ƙananan hukumomi shida yake, kuma a 2025 malaman sun yi sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, yara na zaune a gida. Mafi yawan iyaye makarantar kuɗi suke komawa, don haka abin da ka rage a haya sau da yawa can yake tafiya. Wanda ya kama gida a Mararaba kuma ya sani cewa a jihar Nasarawa yake, na Madalla a Neja. Makaranta, hanya, ruwa, duk wata gwamnati ce daban zai kai wa kuka.

Tsaro ma yana bin taswirar. Bam ɗin cocin Madalla a Kirsimetin 2011, na tashar Nyanya a Afrilun 2014, fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, garkuwa da mutane a yankin Bwari farkon 2024, duk a gefen gari suka faru. Ba wai tsakiyar ta tsira ba, ai an kai hari ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011. Sai dai sabon rukunin gidaje da ya jingina da dutse ko daji, hanyar shiga ɗaya, ba fitila, arharsa na da dalili.

Ni in aka matsa min sai na faɗi suna, Kubwa nake cewa a fara dubawa: tsohon gari ne da ya zauna, babbar hanya, asibitin gwamnati, makarantu iri-iri, ga jirgin ƙasa ta Gbazango. Gwarinpa ta fi ta kusa da gari, amma aljihu zai ji a jikinsa. Lugbe da Lokogoma a je da damina, a tambayi maƙwabta inda ruwa ke tsayawa. Mai son Mararaba kuma kada ya je ganin gida ranar Lahadi da yamma. Ya kwana can, Litinin da asuba ya shiga mota zuwa AYA yana duba agogo, ya tuna cewa a motar nan zai riƙa ɗauko yara.