Babi na Uku: Tarihin Naɗin Alƙalai a Jihar Kano da Matsayin Majalisar Dokoki

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda ikon naɗa alƙalai a Kano ya riƙa sauya hannu, da kuma rabon da majalisar dokoki ta samu a cikinsa. Batun ya shafi masu masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, domin Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta ɗora wa Babbar Kotun Jiha sauraron ƙararrakin filayen da gwamna ya ba da izinin mallakarsu. Ke nan, wanda ya zuba jarinsa a kan irin wannan fili yana da bukatar ya san wanda ya naɗa jojin da zai yanke masa hukunci.

3.1 Daga Fada Zuwa Gwamnati

Kafin zuwan Turawa a 1903, Sarkin Kano shi ne mai naɗa alƙali, shi ne kuma mai tuɓe shi. Da Turawa suka kafa mulkinsu sai suka bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, amma suka sa Razdan yana sa ido a kansu. Haka aka ci gaba har bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. A shekarar 1968, zamanin Gwamna Audu Bako, aka rushe kotun Sarki, aka mayar da kotunan alƙalai hannun gwamnatin jiha.

3.2 Shigowar Majalisa

Tsarin Mulki na 1979, wanda ya ɗauko salon Amurka inda Majalisar Dattawa ke tabbatar da alƙalan tarayya, shi ne ya shigo da majalisar jiha cikin lamarin. Ya tanadi cewa gwamna zai naɗa Babban Joji bisa shawarar Hukumar Shari'a ta Jiha, amma sai majalisa ta amince da rinjaye. Wannan tsari ya yi aiki a zamanin Abubakar Rimi, sai juyin mulkin ƙarshen 1983 ya rushe majalisu, naɗin ya koma hannun soja.

3.3 Tsarin Mulki na 1999

Wannan kundi ya kafa Hukumar Shari'a ta Ƙasa, wadda Babban Jojin Nijeriya ke shugabanta. Bisa sashe na 271, hukumar jiha takan miƙa mata sunaye, ita ta tace, sannan ta ba gwamna shawara. Ba a naɗa joji sai ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya. Abin lura a nan shi ne, muƙamai 2 kawai ake kaiwa gaban Majalisar Dokokin Kano, wato na Babban Joji da na Alƙalin Alƙalai na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Sauran joji-joji gwamna ne ke naɗa su ba tare da majalisa ba. Majistarori da alƙalan ƙananan kotuna kuwa, hukumar jiha ce ke ɗaukar su. Ta wannan hanya aka bi a 2023, lokacin da majalisa ta tabbatar da Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, mace ta farko da ta zama Babbar Jojin Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rantsar da ita.

3.4 Iyakar Ikon Majalisa

Majalisa tana iya amincewa ko ta ƙi, amma ba ta da ikon kawo sunan wani. Haka kuma wajen tuɓewa, ko da yake sashe na 292 ya ce sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun goyi baya, a shari'ar Babbar Jojin Kwara, Raliat Elelu-Habeeb, Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa gwamna da majalisa ba za su tuɓe Babban Joji ba sai hukumar ƙasa ta bincika zargin. A Jihar Ribas kuwa, saɓanin Gwamna Rotimi Amaechi da hukumar kan wanda zai zama Babban Joji ya sa kotuna suka kasance a rufe wata da watanni daga 2014 zuwa 2015.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ikon da Sarki ya riƙe shi kaɗai an rarraba shi gida huɗu, kuma rabon majalisa shi ne mafi ƙanƙanta. Duk da haka ba abin rainawa ba ne, domin Babban Joji ne ke rarraba shari'u ga joji-joji, shi ne kuma shugaban hukumar jiha da ke fara zaɓo sunayensu. Saboda haka, duk ranar da majalisa ta tabbatar da shi ba tare da bincike ba, mai ƙarar fili daga Sharaɗa da ke jiran hukunci a kotun titin Miller ta Bompai yana cikin waɗanda sakacin zai shafa.