Rikicin Suez na 1956 da Ƙawancen NATO

Rikicin Suez shi ne babbar ɓaraka ta farko tsakanin manyan ƙasashen NATO, shekara 7 kacal bayan kafa ƙawancen a 1949. Ya samo asali ne ranar 26 ga Yuli 1956, lokacin da Shugaba Gamal Abdel Nasser na Masar ya mayar da mashigin ruwan Suez mallakar gwamnati, ya karɓe shi daga kamfanin da Birtaniya da Faransa ke da rinjayen hannun jari a cikinsa.

Ƙasashen biyu suka haɗa baki da Isra'ila a asirce. Isra'ila ta afka wa yankin Sinai ranar 29 ga Oktoba, su kuma suka shigo da sunan raba faɗa, sojojinsu na laima suka dira Port Said ranar 5 ga Nuwamba. Ba su shawarci Amurka ba, balle sauran ƙawayensu.

Ran Shugaba Eisenhower na Amurka ya ɓaci ƙwarai. A wannan makon ne tankokin Tarayyar Sobiyet ke murƙushe boren Hungary; da wane baki ƙasashen Yamma za su la'anci Mosko alhali nasu na ruwan bama-bamai a Masar? Darajar fam na Birtaniya na zubewa, Amurka ta toshe wa Birtaniya hanyar samun rance daga Asusun Lamuni na Duniya. Dole aka tsagaita wuta cikin kwana biyu, Firaministan Birtaniya Anthony Eden kuma ya yi murabus a Janairu 1957.

A Disamba 1956 NATO ta amince da rahoton ministoci uku, Lange na Norway da Martino na Italiya da Pearson na Kanada, wanda ya nemi a riƙa tuntuɓar juna kafin ɗaukar mataki. Shawara ce mai kyau, sai dai ta zo bayan aikin gama ya gama.

Abin da ya fi daɗewa shi ne yadda kaye ɗaya ya raba hanyar ƙasashen biyu. Birtaniya ta ƙudura ba za ta sake saɓa wa Amurka a babban lamari ba, har suka ƙulla yarjejeniyar nukiliya a 1958. Faransa kuwa ta yanke cewa Amurka ba abin dogaro ba ce ranar wuya. Ta gwada bam ɗinta na nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a Fabrairu 1960. A 1966 shugaban Faransa Janar de Gaulle ya janye sojojin ƙasar daga ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta NATO, a 1967 kuma hedkwatar NATO ta tashi daga Paris ta koma Brussels. Faransa ba ta dawo cikin rundunar ba sai 2009.