Tarihin Binciken Duwatsu a Ƙasar Zazzau da Kewayenta



Duk wanda ya tsaya a Tudun Wada ya dubi yamma, idonsa zai faɗa kan dutsen Kufena. Mun saba ambatonsa in ana zancen ganuwa da sarakunan dā, amma shi kansa dutsen yana da tarihi, haka kuma ƙoƙarin da mutane suka yi na sanin abin da ke cikinsa. Wannan ƙoƙari shi ne abin da zan yi magana a kai.

Masanan farko su ne masu narkar da tama da maƙera. Haƙar da J. E. G. Sutton ya yi a Samaru wajen 1975 ta nuna cewa an fi shekara dubu ana narkar da ƙarfe a nan. Waɗannan mutane da ido da hannu suke rarrabe tama da marmarar banza, suna duba launi da nauyi da yadda dutse ke fashewa.

Da Turawa suka ci ƙasa, sai suka kafa binciken ma'adinai na Arewa daga 1904 zuwa 1909, kuma bukatarsu ta fi ƙarfi a kan kuza. Dokta J. D. Falconer, wanda ya wallafa littafinsa a 1911, shi ne ya raba giranit ɗinmu gida biyu, watau tsohon giranit irin na Kufena, da sabo irin na Jos mai ɗauke da kuza. Binciken baya ya tabbatar da cewa tsohon ya daskare ne a can ƙarƙashin ƙasa, wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Sannu a hankali ya huce, shi ya sa ƙwayoyinsa suka girma har ido na ganinsu.

A daidai wannan zamani aka sami wani buɗi a Turai. A 1912 Max von Laue na Jamus ya haska ƙwayar ma'adini da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ya ga hasken ya warwatsu bisa tsari. A 1913 W. H. Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, suka yi amfani da wannan hanya suka gano yadda ƙwayoyin zarra ke jere cikin gishiri, sahu sahu kamar tubalin gini. Daga nan aka gane cewa taurin ma'adini da yadda yake tsagewa duk daga wannan jeri suke. Alal misali, dutsen tozali jerinsa ɗaya ne da na gishiri, don haka in an buge shi sai ya farfashe da kusurwa huɗu huɗu.

Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, bincike ya dawo gida. J. B. Wright da P. McCurry suka fitar da bayanin duwatsun Zariya a 1970. Sa'an nan hankali ya koma kan wasu duwatsu masu duhu da nauyi, waɗanda silika, watau sinadarin yashi, bai kai kashi 45 cikin ɗari a jikinsu ba, alhali a giranit yakan kai kashi 70. Asalinsu daga can ƙarƙashin ɓawon duniya ne, kuma babban ma'adininsu shi ne olibin. In ruwa ya ratsa shi, sai jerin ƙwayoyinsa ya sāke, ya zama safantin, wani koren dutse mai santsi. A 1977 Wright da A. E. Ogezi suka ba da bayanin irinsa a arewa maso yamma, inda ake samunsa a wurare kamar Malam Tanko. Masana sun yi saɓani a kansa: wasu na ganin ɓurɓushin gindin wani tsohon teku ne da ya rufe, wasu kuwa na cewa ta tsagar ƙasa ya kutso. Abin da ba a musu shi ne, irin wannan dutse shi ne gidan kuromiyam da nikel.

To, ina amfanin wannan duka ga talaka? A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Iyayensu suna niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ba su san yana haɗe da dalma ba, ƙarfen nan da ke cikin dutsen tozali. Masana sun daɗe da sanin cewa zinariya da dalma sukan zauna a jijiya ɗaya, amma sanin yana kwance cikin rahotannin Turanci, bai isa tsakar gida ba.

Ɗalibai, ku ne za ku mayar da wannan ilmi cikin harshen da mai haƙa da mai daka za su ji. Ma'aikata kuwa, kafin ku sa hannu a takardar izinin haƙa, ku nemi rahoton dutsen wurin ku karanta, domin rigakafi ya fi magani.