Tassa a lambun gida: ramin da gara ke yi wa aiki

Tassa ramin shuka ne da manoman Sahel ke farfaɗo da ƙasar da ta ƙeƙashe da shi, irin wadda ruwan sama ke zamewa a kanta bai shiga ba. A Burkina Faso zaï ake ce masa. Marigayi Yacouba Sawadogo, manomi daga yankin Yatenga, shi ya fito da martabarsa, har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A jihar Tawa ta Nijar ma ya bazu sosai.

Mai ɗan fili a bayan ɗaki, ko a Garwa yake ko a Njamena, zai iya gwadawa. Da rani ake haƙa ramin, faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15. A tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa, a zuba busasshen taki cikin tafi biyu, sai a jira ruwa ya sauka kafin a shuka kuɓewa, yakuwa ko masara.

Sauran aikin na gara ne. Takin ke jawo ta, ita kuma ta yi ta huda ƙasa, ramukanta su zama hanyar da ruwa ke bi ya kai ga saiwa. Wanda ya zuba maganin ƙwari a nan ya kori mai yi masa ƙwadago kyauta. Sai dai a nisanta tassa daga rumbu da ginin laka, don gara ba ta san iyaka ba.

Kwaɗi da ƙadangaru ma a ƙyale su, ƙwari ne abincinsu. Idan ɓarna ta yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun koma amya.