Akushi Ɗaya: Zaman Ɗalibai da Abota a Samaru, 1958 zuwa 1986

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san cewa karatu iri biyu ake yi a cikinta. Akwai wanda malami ke bayarwa a aji, akwai kuma wanda ɗalibi ke ɗauka daga abokin kwanansa bayan an kashe fitila. Na farkon shi ake ba wa takardar shaida, amma sau da yawa na biyun ne ke bin mutum har tsufansa. Wannan maƙala za ta dubi tarihin wannan karatu na biyu a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, domin a ga abin da ya gina shi da kuma abin da ya sauya masa kama.

Tun kafin a kafa jami'ar, wurin yana ɗauke da reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya. A nan ne a shekarar 1958 wasu samari masu koyon zane suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Inyamuri wanda ya tashi a Kafanchan, da Yusuf Grillo ɗan Legas, da Bruce Onobrakpeya ɗan ƙabilar Urhobo, da Demas Nwoko. Ba gari ɗaya suka fito ba, ba harshe ɗaya suka tashi da shi ba. Zama wuri ɗaya da hira ta yau da gobe su suka kai su ga ra'ayin cewa ya kamata mai zane ya haɗa dabarun da Turawa ke koyarwa da fasahar da ya gada a gida. Ƙungiyar ba ta wuce 'yan shekaru ba, amma babu mai rubuta tarihin zanen zamani a Nijeriya ya tsallake ta.

Da aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, ƙarƙashin shugabancin Norman Alexander, ɗalibai 426 ne kacal, kuma kaso mai yawa daga Kudu suka zo, saboda ƙarancin makarantun sakandare a Arewa a wancan lokaci. Yaro zai sauka a tashar jirgin ƙasa ta Zariya da akwatinsa na ƙarfe, ya nemi mota zuwa Samaru, a miƙa masa mabuɗi, ya buɗe ɗaki ya tarar da wanda bai taɓa jin harshensa ba. Sunayen gidajen kwanan da aka gina a hankali su ma darasi ne: Danfodiyo, Ribaɗu, Amina, Alexander, da Akenzua, wato sunan Sarkin Bini wanda ya taɓa zama uban jami'ar.

Zangon karatu yana da nasa tsari. A makonnin farko kowa na ɗari-ɗari, yana neman 'yan garinsu. Kafin a kai tsakiya an fara aron sabulu da dutsen guga da littafin rubutu. Idan hunturu ya sauka, ɗan Kudu da bai san sanyin Samaru ba yakan sami bargo da man shafawa daga makwabcin gadonsa. Da jarrabawa ta ƙarato, sai a koma kwana a aji ko a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wannan ya tashi wancan idan barci ya sace shi. Ranar hutu kuwa a yi musayar adireshi, wani ma ya bi abokinsa garinsu.

Sai dai ginshiƙin wannan zama duka shi ne ɗakin cin abinci. Gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan kuɗin ciyarwa, ɗalibi ya riƙe tikitinsa ya bi layi sau uku a rana. Tsofaffin ɗalibai har yau suna ba da labarin kazar ranar Lahadi. Amma abin lura a nan ya fi kaza. Ɗan sarki da ɗan talaka layi ɗaya suke bi, abinci ɗaya ake zuba musu, kuma mai koyon injiniya yakan sami kansa kusa da mai koyon tarihi, su ci, su yi gardama, su rabu, gobe su sake haɗuwa. A shekarun 1970, lokacin da malamai irin su Yusufu Bala Usman ke zaburar da matasa kan siyasa, muhawarar da aka fara a aji a kan tebur ake ƙarasa ta. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2007, yana cikin waɗanda suka yi digirinsu na farko a wannan yanayi, daga 1972 zuwa 1975.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman duk daɗi ne, domin Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Rikicin 1966 ya ratsa har cikin harabar, ɗalibai da malamai 'yan Gabas da dama suka kwashe kayansu suka tafi, aka bar gadaje babu kowa. Abotar ɗaki ba ta hana ƙasa shiga yaƙi a 1967 ba.

A 1978 kuma aka ga yadda akushi ke iya haɗa kan mutane. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan abin da ɗalibi ke biya a rana, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta nemi Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. A watan Afrilu aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Wasu na iya mamakin yadda sule biyar ta jawo asarar rai. Amsar ita ce ƙarin ya taɓa kowa a rana ɗaya, a wuri ɗaya, babu bambancin ƙabila ko addini.

A 1984, da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin ciyarwa. Daga nan risho da kananzir suka shigo ɗakuna, 'yan kasuwa suka karɓi harkar abinci, mai kuɗi ya saya, marar shi ya jiƙa garin kwaki. Yawan ɗalibai ya zarce yawan gadaje, ɗakin mutum biyu ya koma na biyar ko shida da 'yan raɓe. Abota ba ta mutu ba, a wata fuskar ma ta ƙara ƙarfi, don wanda kuka raba ƙullin yaji da kilishin da aka aiko masa daga gida ya zama ɗan'uwa. Amma da'irarta ta tsuke. Mutum yakan haɗa tukunya ne da wanda ya riga ya sani, ɗan garinsu ko abokin masallacinsa ko cocinsa.

Duk da haka tsohon haɗin kan bai ɓace nan take ba. A 1986 ɗalibai suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, suka bi ta gidan Amina na mata, hukuma ta hukunta shugabanninsu. Da 'yan sanda suka shiga harabar ranar 23 ga Mayu, aka sake rasa rayuka, jami'o'in ƙasar nan da dama suka tashi don juyayin Samaru.

Idan an tattara wannan tarihi za a ga cewa abotar da ta ƙetare ƙabila da addini ba daga sama ta faɗo ba. Tsari ne ya samar da ita: ɗaki da hukuma ke rabawa ba tare da tambayar garin mutum ba, da tebur da kowa ke zama a kansa. Masu lissafin kasafin ilmi sun ga kuɗin shinkafa da kaza, suka yanke. Abin da bai fito a takardunsu ba shi ne cewa a wannan layin abinci ne ɗan Katsina ya fara sanin ɗan Ijebu da sunansa. Duk mai neman haɗin kan ƙasar nan ta hanyar jami'a, ya kamata ya fara tambayar inda ɗalibai ke kwana da inda suke cin abinci.