Idan mai shafin intanet ya kasa shiga shafinsa: kutse ne ko tangarɗa, kuma ta ina ake komawa ciki?

Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kan WordPress aka gina su. Idan aka wayi gari ƙofar shiga, wato adireshin da ke ƙarewa da wp-admin, ta ƙi karɓar kalmar sirri, abu na farko da ke zuwa zuciya shi ne kutse. Sau da dama ba shi ba ne.

Wanda ya ƙirƙiri kalmar sirrinsa a kan madannin kwamfuta na Faransanci, AZERTY, sannan ya buga ta da ka a kan QWERTY, zai ga A ta koma Q, lambobi ma sun sauya. Haka kuma manhajojin tsaro irin su Wordfence kan toshe adireshin IP bayan an yi kuskure sau da yawa, alhali a layukan salula mutane da dama kan raba adireshi ɗaya, sai laifin wani ya shafi wani. Sauya layi ko wata na'ura kan warware wannan.

Alamun kutse daban suke: an danna « Mot de passe oublié ? » amma saƙo bai iso ba, ko shafin na tura baƙi wurin caca da tallar magunguna, ko Chrome na nuna jan gargaɗi.

A nan abin da ya fi muhimmanci ba kalmar sirrin WordPress ba ce. Asusun kamfanin da ke ba shafin masauki shi ne ainihin mabuɗin gida. Ƙungiya ko jarida a Maradi ko Damagaram da ta bar wannan asusu da sunan wanda ya gina mata shafin, ya kuma yi tafiyarsa, tana cikin matsalar da ta fi kutsen kansa, domin kamfanin da mai asusun kawai yake magana.

Da an shiga asusun, kafin a taɓa komai, a kwashe kwafin fayiloli da na rumbun bayanai, ko da gurɓatattu ne. Daga nan a buɗe phpMyAdmin a nemi jadawalin wp_users (wasu shafukan kan sauya farkon sunan). A nan ake ganin ko an sauya imel ɗin mai shafi, ko an ƙara wani suna da ba a sani ba. A mayar da imel ɗin, a rubuta sabuwar kalmar sirri a gurbin user_pass, a zaɓi MD5, a adana. A jadawalin wp_options kuma a duba siteurl da home, ko har yanzu adireshin shafin suke ɗauke da shi.

Idan ƙofar shiga ba ta buɗewa kwata-kwata, sai farin allo, a sauya sunan dosiyen plugins da ke cikin wp-content. Wannan na kashe dukan ƙananan manhajojin da aka ƙara wa shafin lokaci guda, kuma ta cikinsu ne, musamman tsofaffi da waɗanda aka sauke na sata, masu kutse suka fi samun kafa.

Komawa ciki ba shi ne ƙarshen aiki ba, kuma a nan mutane suka fi yin sakaci. Mai kutse kan bar wa kansa ƙofar baya. Dosiyen uploads wurin hotuna ne da takardu, fayil mai ƙarewa da .php a cikinsa abin zargi ne. A maye gurbin wp-admin da wp-includes da sababbi daga wordpress.org, a duba .htaccess, a sauya mabuɗan tsaro da ke cikin wp-config.php: hakan na fitar da duk wanda ke ciki, har da ɓarawon. Kalmomin sirri na masauki, na FTP, na rumbun bayanai da na imel duka a sauya su, daga kwamfutar da aka tabbatar ba ta da ƙwayar cuta. Tsohon kwafin ajiya na da amfani ne idan ya girmi ranar kutsen. Jan gargaɗin kuwa, ta Search Console ake neman Google ya sake duba shafin ya cire shi.

A Nijar, doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci kan shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma hukumar HAPDP a Yamai ce ke kula da kare bayanan jama'a. Mai niyyar kai ƙara ya nemi rajistar shige da fice ta shafin daga kamfanin masauki tun da wuri, domin ba a daɗe ana ajiye ta ba.